Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Ya da Zango da Mota Mai Ɗaki a Gaɓar Tekun Kudancin Ƙasar Amurka?

TAMBAYA: Ina zaune a birnin Houston na jihar Teksas tare da maiɗakina da yaranmu uku. Kullum ina ganin motocin nan masu ɗaki a ciki, waɗanda Amurkawa ke kira RV, sun nufi bakin teku, yara kuma sun matsa mini lamba sai mun gwada a hutu mai zuwa. Ban taɓa tuƙa irinta ba. Wace iri zan ɗauka haya? A ina ake ajiye ta a kwana, ko duk inda dare ya yi wa mutum ne? Wane lokaci ya fi dacewa? Sannan yaya Musulmi mai iyali zai yi da salla da abinci a irin wannan tafiya? Daga wani mai karatunmu a Houston.

AMSA: Mun gode da wannan tambaya, Allah ya raya zuri'a. Da mota ka fara, amma da izininka zan juya tsarin, domin a wannan harka motar ce abu na ƙarshe da ake nema. Mota mai ɗaki tana nan birjik a wuraren haya. Abin da ke wuyar samu shi ne wurin ajiye ta a bakin ruwa, a lokacin da yanayi ke da daɗi. Saboda haka ka fara tsai da lokaci, ka kama wurin kwana, sannan ka nemi motar da za ta dace da wurin. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Gaɓar da kake nufi ita ce ta Tekun Meziko, wadda ta ratsa jihohi biyar: Teksas, Luwiziyana, Misisipi, Alabama da Fulorida. Babbar hanyar I-10 da ta bi ta cikin Houston ita ce ta ɗinke su, daga nan ƙananan hanyoyi ke gangarawa kudu zuwa bakin ruwa. Shekarar wannan yanki kashi-kashi ce, kowane kashi da halinsa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne a hukumance, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Wannan gargaɗi ne da aka biya da rayuka. Guguwar Katrina ta ranar 29 ga Agusta, 2005 ta share wurin shaƙatawa na Buccaneer da ke Waveland a Misisipi, sai da aka yi shekaru ana sake gina shi. Harvey ta afka wa Rockport a Teksas a 2017, Sally ta sauka a Gulf Shores ta Alabama a watan Satumba na 2020, Ida kuma ta ragargaza tsibirin Grand Isle na Luwiziyana a 2021. Dukkansu wurare ne da masu irin wannan mota ke tururuwar zuwa. Idan hukuma ta ba da umarnin a tashi, mai gida yana iya tsayawa shawara, amma mai mota mai ɗaki shi ake fara sallama, don iska mai ƙarfi na iya kifar da ita.

Daga Yuni zuwa Agusta kuma akwai zafi mai gumi, irin wanda ko dare ya yi ba ya sauka sosai, ga sauro, ga cunkoson masu hutun makaranta. Daga Disamba zuwa Maris sanyin yankin da sauƙi, shi ya sa dattawan da suka yi ritaya daga jihohin arewa da Kanada ke gangarowa gudun ƙanƙara, su kama wurare na wata-wata. A watan Maris ɗaliban jami'a ke cika garuruwan bakin teku da hayaniya. Abin da ya rage mai daɗi shi ne Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Tunda kana da 'yan makaranta, hutun mako na ƙarshen Nuwamba ya fi muku, ko kuma farkon Yuni kafin zafi da guguwa su kankama. In ba makawa sai tsakiyar bazarar can, to kada ka yarda da wurin da babu lantarki, kuma ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan guguwa ta sa aka rufe.

Sai tambayarka ta ko duk inda dare ya yi ake kwana. A'a, Malam. Yawancin garuruwan bakin teku sun hana kwana a mota a gefen titi ko a filin ajiye motocin bakin ruwa, kuma 'yan sanda na bi suna tashin mutane. Za ka ji ana cewa ana kwana a harabar kantunan Walmart. Gaskiya ne a wasu wurare, amma sai manajan kantin ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba, sannan na dare ɗaya ne ga wanda ke kan hanya. Mai iyali da ke neman hutu wurin zango na ƙa'ida zai nema, kuma iri uku ne.

Kafin in lissafa su, bari in bayyana abin da ake saye idan an biya kuɗin wuri, don shi ne ke raba farashi. Fili ne aka shata daidai tsawon mota, da teburin cin abinci da murhun gashi a gefe. Mafi cika yana da abubuwa uku da ake jona wa mota: lantarki, famfon ruwa da bututun zubar da ƙazanta. Na tsakiya yana da lantarki da ruwa kawai, sai a tanadi rami ɗaya a bakin ƙofa inda kowa zai je ya juye tankinsa. Na ƙarshe ba shi da komai sai fili. Lantarkin ma iri biyu ne, mai amfiya 30 da mai amfiya 50. Na farko yana ba da wat 3,600, wanda zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da ƙananan kaya, amma in aka haɗa da tukunyar lantarki da na'urar ɗumama abinci a lokaci guda wuta na iya tsinkewa. Na biyu yana kaiwa wat 12,000, na manyan motoci ne masu na'urar sanyi biyu ko uku. Soket ɗinsu ya bambanta, don haka ka san wanda motarka ke sha kafin ka biya.

Iri na farko shi ne wuraren shaƙatawa na gwamnatocin jihohi, kuma su nake fifita wa mai iyali. Farashinsu da dama-dama, filayen da sarari, akwai banɗaki da wurin wanka na jama'a, akwai ma'aikata masu sintiri, hayaniya kuma da doka, yawanci daga ƙarfe goma na dare sai shiru. Mafi kusa da kai shi ne Galveston Island State Park, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Houston, yana da filaye ta gefen teku da ta gefen ƙaramin gulbin da ke bayan tsibirin. Gaba da shi ta kudu akwai Goose Island kusa da Rockport, da Mustang Island kusa da Corpus Christi, mil 200 da ɗoriya daga gidanka. Wata garaɓasa a Teksas ita ce, wanda ke cikin wurin shaƙatawa na jiha yana iya jefa ƙugiya daga gaɓa ba tare da lasin kamun kifi ba, abin da yara za su ji daɗinsa.

Idan ka nufi gabas, za ka haye gadar Atchafalaya mai tsawon mil 18 a kan fadama, ka isa yankin New Orleans bayan kimanin mil 350. Nan akwai Bayou Segnette a gefen birnin, da Fontainebleau a arewacin tafkin Pontchartrain, duka biyun sun dace da kwanan hanya. Ka sani cewa gaɓar Luwiziyana mafi yawanta fadama ce da ciyayi, mai neman rairayin wasa sai ya ƙara gaba. A Misisipi akwai Buccaneer da na ambata, wanda yanzu ke da wurin wasan ruwa na yara. Amma ruwan can da duhu-duhu kuma ba zurfi, saboda tsibiran da suka tare shi daga babban teku.

Farin rairayin da ake gani a hotuna daga Alabama yake farawa. Garin ƙanƙarar dutse ne da koguna suka kwaso daga tsaunukan Appalachia tun zamanin da, shi ya sa yake fari fat kamar gishiri. Gulf State Park da ke Gulf Shores ya fi eka 6,000, yana da filayen zango kusan 500 masu lantarki da ruwa da bututun ƙazanta, ga wurin wanki, ga tafkin ninƙaya, ga hanyoyin keke na kusan mil 28 da suka ratsa daji da fadama. Abu ɗaya da ya kamata ka sani shi ne, filayen ba a kan rairayin suke ba, akwai 'yar tazarar da ta wuce mil guda, sai a keke ko a mota. Daga Houston mil 500 ne da 'yan kai, wato a irin wannan mota ka ƙiyasta yini biyu. Da ka tsallaka Fulorida kuma ga Henderson Beach a Destin, da Topsail Hill, da Grayton Beach, da St. Andrews a Panama City Beach. Sun yi suna ƙwarai, saboda haka samun wuri a cikinsu sai an yi sammako.

Iri na biyu na gwamnatin tarayya ne. Gulf Islands National Seashore, wanda aka kafa a 1971, yana da wurin zango a Fort Pickens, can ƙarshen tsibirin Santa Rosa kusa da Pensacola, da wani ƙarami a Davis Bayou kusa da Ocean Springs a Misisipi. Duka biyun akwai lantarki da ruwa, amma ƙazanta sai an je ramin bakin ƙofa. Fort Pickens yana da tsohuwar ganuwar soja da aka kammala a 1834, ruwa ta dama ruwa ta hagu, sai dai hanya ɗaya tak ke shiga, kuma teku kan hau kanta idan iska ta taso, a rufe wurin ba shiri. A Teksas akwai Padre Island National Seashore, inda ake barin mutum ya tuƙa a kan rairayi har mil 60 ya kwana inda ya so. Abin sha'awa ne, amma ban ba ka shawararsa ba a karon farko. Babu lantarki, babu famfo, bayan mil biyar na farko sai mota mai jan ƙafa huɗu, ruwa na iya tasowa cikin dare, kuma yawancin masu ba da haya sun haramta hawa rairayi da motarsu. In ta kafe, kuɗin janyo ta a wuyanka yake.

Iri na uku na 'yan kasuwa ne, kama daga rassan KOA, kamfanin da aka kafa a 1962 a jihar Montana, zuwa wuraren alfarma masu tafkin ninƙaya da intanet da daɓen siminti. Amfaninsu shi ne sun fi yawa, sun fi sauƙin samu idan lokaci ya ƙure, kuma kusan kullum abubuwan jonawa uku sun cika. Illarsu tsada da matsi. Na bakin ruwa kan haura dala 100 a dare a lokacin cunkoso, kuma motoci kan jeru kusa da juna har ka ji hirar maƙwabci. Mai iyalin da ke son sirri ya duba hoton wurin daga sama a taswira kafin ya biya.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce wuri kafin mota. Wuraren jihar Teksas ana buɗe rajistarsu wata biyar kafin ranar zuwa. Na tarayya irin su Fort Pickens wata shida, ta shafin Recreation.gov. Fulorida kuwa tun daga 2024 ta ba mazauna jihar wata 11, baƙi irinka wata 10, ka ga an riga ka da wata guda cur. Kowa ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Filayen da ke kallon ruwa kan ƙare a ranar da aka buɗe su. Dabarar ita ce ka nemi ranakun tsakiyar mako, daga Lahadi da yamma zuwa Alhamis, ka kuma riƙa leƙawa saboda masu fasa tafiya. Yawancin wuraren gwamnati ba sa barin a wuce kwana 14 a jere. Kowane fili an rubuta iyakar tsawon motar da zai ɗauka, kuma ba a sassauci a kan wannan.

Sai motar. Akwai wadda ake ja da a-kori-kura, wannan ka bar ta, domin ja da baya da tirela fanni ne mai zaman kansa. Masu injin kansu aji uku ne. Ajin A ita ce mai kama da babbar bas, ta yi wa sabon hannu girma. Ajin B ƙaramar bas ce da aka gyara, ta yi wa mutum biyar kaɗan. Ajin C ita ce taku, wadda ke da gado a saman kan direba. Mai tsawon ƙafa 25 zuwa 30 za ta ɗauke ku, da murhun gas, da firji, da banɗaki. Lasin tuƙinka na yau da kullum ya wadatar, don sai nauyin mota ya haura fam 26,000 Teksas ke neman lasi na musamman, ajin C kuwa ba ta kusa da haka. Ana samun haya a kamfanoni irin su Cruise America, ko daga hannun masu motocin kansu ta Outdoorsy da RVshare. Ka tambayi kuɗin mil, da na awannin janareto, da inshora, da kuɗin ajiya, domin farashin dare da ake tallatawa ba shi ne jimla ba. Tana shan mai sosai, galan ɗaya mil takwas zuwa goma, wato zuwa Gulf Shores da dawowa ba za ka sha ƙasa da galan 100 ba. Ka tabbatar kowane yaro yana da kujera mai bel, ka kuma rubuta tsayin motar ka manna a gabanka. A birnin Mobile akwai hanyar ƙarƙashin ruwa ta Bankhead mai tsayin ƙafa 12 kacal, manyan motoci sun sha maƙalewa a bakinta. Ka tsaya a kan I-10.

Aikin da sababbi suka fi ƙyama shi ne na tankuna, alhali minti goma ne. Uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Ko da filinka na da bututun ƙazanta, ka bar bakin tankin bayan gida a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, sannan ka buɗe, don ƙarfin ruwan ya kwashe komai. Bayansa ka saki na ruwan wanka ya wanke tiyo. Tsarki da buta bai ɓata komai ba, hasali ma ruwa ke hana tankin toshewa, sai dai zai cika da wuri. Alwalar mutum biyar sau biyar a yini ita ma tana cika ɗaya tankin, don haka fili mai bututun ƙazanta ya cancanci ƙarin kuɗinsa a wurinku.

Batun salla da sauƙi. Daga wannan gaɓa alƙibla tana arewa maso gabas, manhajar waya za ta nuna maka daidai. Kowane fili yana da sararin shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfar motar, kuma maƙwabtan zango galibi ba ruwansu da harkar wani. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kafin ku tashi, musamman adadin kwanakin da za ku zauna wuri guda. Akwai masallatan Juma'a a New Orleans, Biloxi, Mobile, Pensacola da Corpus Christi. Abinci ne ke buƙatar lura. Girkin kudancin ƙasar Amurka ya dogara da naman alade ta hanyoyin da ba a gani. Miyar gumbo, da shinkafar jambalaya, da dafaffen jan wake, da ganyen da ake dafawa a gefe, sau da yawa da tsiran alade ko kitsensa ake haɗa su, ko da sunan abincin na kifi ne. Ka tambaya kai tsaye. Mafita mafi kyau tana hannunka, tunda kicin ɗinku na tafe da ku. Ka sayi naman halal a Houston inda yake a wadace, Hajiya ta haɗa yajinta, a bakin ruwa kuma ku sayi ɗanyen kifi da jatan lande daga kasuwannin masunta ku gasa da kanku.

Abubuwa uku nake roƙonka ka riƙe saboda yara. Na ɗaya, tutocin bakin teku. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja haɗari, ja biyu an rufe ruwa, kuma a Gulf Shores ana cin tarar wanda ya shiga. Shunayya na nufin akwai halittun ruwa masu harbi. Abin da ya fi cin rayuka a wannan gaɓa shi ne igiyar ruwan da ke jan mutum zuwa cikin teku. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta. Na biyu, kada. Duk tafki da fadama daga gabashin Teksas zuwa Fulorida ka ɗauka akwai shi a ciki, kada yaro ya yi wasa a bakinsu da magariba, kuma kada a ba shi abinci. Na uku, hayaƙin janareto da na gawayi, wanda muka san irin ɓarnar da yake yi wa iyalai a gida Najeriya. A cikin mota ya fi saurin kisa. Ka gwada ƙararrawar hayaƙin motar ranar da ka karɓe ta, kuma kada a kunna gawayi a ciki ko da ruwa ake yi.

In kun kai Alabama, ku ware rabin yini ku shiga unguwar Africatown a Mobile. Wasu daga cikin mutanen da jirgin Clotilda ya kawo a 1860 ne suka kafa ta, su 110 aka ɗebo daga tashar Wida ta ƙasar Benin ta yau, kuma shi ne jirgin bayi na ƙarshe da aka sani ya shiga Amurka. An tabbatar da gano ɓaraguzansa a cikin kogi a 2019, an kuma buɗe gidan tarihinsu a 2023. Yaranku da ke girma a Amurka suna da haƙƙin sanin wannan labari, domin na mutanen yankinmu ne.

Shawarata a taƙaice: kada ka fara da doguwar tafiya. Ka kama kwana biyu ko uku a Galveston ko Goose Island, a fili mai lantarki da ruwa, da mota ajin C, ka koyi jonawa da juye tanki da ja da baya kusa da gida, ka kuma isa wurin tun da sauran rana. In iyali sun ji daɗi, sai ka kama Gulf State Park na mako guda a Nuwamba ko Afrilu, ka yi rajista tun yanzu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sauran masu karatu, muna jiran tambayoyinku.